Annobar Shekarar 749 Bayan Hijira: Sabubbanta, Saɓanin Malamai a Kanta, da Abin da Ta Bari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Gabatarwa

A watan Rabi'ul Awwal na shekarar 749 bayan Hijira, wanda ya dace da Yunin 1348 Miladiyya, matafiyin nan Ibnu Baɗɗuɗa yana birnin Halab sai labari ya iso cewa annoba ta ɓarke a Gazza. Da ya gangara Dimashƙa, ya tarar wakilin sarki, Argun Shah, ya sa an yi shela kowa ya azumci kwana uku. Bayan azumin mutane suka kwana a babban masallaci, suka yi sallar Asuba ta ranar Juma'a, sannan suka fita ba takalma zuwa Masallacin Aƙdam da ke kudancin gari, maza da mata da yara, Musulmi riƙe da Alƙur'ani, Yahudawa da Attaura, Nasara da Linjila, suna kuka suna roƙon Allah Ya yaye musu. A lissafinsa, mamatan Dimashƙa sun kai kimanin dubu biyu a rana.

Wannan ita ce annobar da Turawa suke kira Baƙar Mutuwa. Yawancin abin da ake karantawa a kanta labarin Turai ne, alhali Misira da Sham da Magrib da Andalus sun sha irin wannan ɗacin, kuma malamansu sun bar rubuce-rubuce masu yawa. Maƙalar nan za ta bi hanyar da cutar ta biyo, da yadda malamai suka fahimci sababinta, da ɓarnar da ta bari. Abin da take son tabbatarwa shi ne, girman ɓarnar annoba yana rataye da abu biyu da suke hannun mutane: yadda masu ilimi suka auna abin da ido ya gani tare da nassi, da yadda masu mulki suka yi da waɗanda suka tsira.

Cutar da hanyar da ta biyo

Malamai sun bambanta tsakanin waba'i, wato kowace cuta da ta game jama'a, da ɗa'uni, wanda cuta ce takamaimai. Siffar ɗa'uni a littattafansu ita ce zazzaɓi mai zafi da kaluluwa da ke fitowa a hammata ko matsematsi ko bayan kunne, mutum ya mutu cikin 'yan kwanaki. Marubucin tarihin Misira, Maƙrizi (ya rasu 845H/1442M), ya ambaci wani nau'i da ya fi wannan sauri, inda mutum yake tofar da jini ya mutu nan da nan. Likitocin yau sun san nau'o'in biyu. Na farko yana shiga jiki ta cizon ƙuma da ta sha jinin ɓera mai cutar. Na biyu shi ne idan cutar ta kama huhu, sai ta riƙa wucewa daga mutum zuwa mutum ta tari.

Ba a gano ƙwayar cutar ba sai a 1894, lokacin da Alexandre Yersin ya ware ta a Hong Kong, shi ya sa ake kiranta Yersinia pestis. A 1898 Paul-Louis Simond ya nuna rawar da ƙuma take takawa. Mazaunin ƙwayar na asali wasu dabbobin daji ne dangin ɓera da ke zama a ramuka a tsakiyar Asiya. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya samo ta a haƙoran mutanen da aka binne a 1338 da 1339 kusa da tafkin Issyk-Kul, a ƙasar Kirgistan ta yau, kuma irin da aka samu yana kusa ƙwarai da tushen wanda ya mamaye duniya shekaru goma bayan haka.

Ƙuma da ɓera ba sa ƙetare teku da ƙafarsu. Fatauci ne ya ɗauke su. A 1346 cutar tana yankin Kirimiya a gaɓar Baƙin Teku, inda rundunar Jani Beg ta yi wa tashar Kaffa ƙawanya. A 1347 ta kai Ƙusɗanɗiniyya, kuma kafin ƙarshen shekarar ta sauka Iskandariyya. Wannan hanya ita ce jijiyar daular Mamalik da ke mulkin Misira da Sham, domin daga Baƙin Teku ake kawo samarin bayi da ake horarwa su zama sojoji da sarakuna. Maƙrizi ya ba da labarin wani jirgin fatake da ya taso da mutum fiye da ɗari uku, ya iso Iskandariyya da arba'in da 'yan kai, su ma suka mutu a tashar. Daga nan cutar ta bi Kogin Nilu zuwa Alƙahira, ta bi gaɓar teku zuwa Gazza da Sham, ta bi jiragen ruwa zuwa Tunis da Almariyya ta Andalus. Hanyoyin da suka arzuta waɗannan birane da hatsi da tufafi da ɗalibai su ne suka kawo musu ita, kuma rumbunan hatsi da cunkoson unguwanni suka ba ɓera wurin zama.

Abin da malamai suka gada

Mutanen ƙarni na takwas ba su fuskanci annobar da hannu wofi ba. Suna da tarihin ɗa'unin Amwas, wanda ya auka wa rundunar Musulmi a Sham a shekarar 18H/639M, ya ɗauki Abu Ubaida bin Jarrah da Mu'azu bin Jabal da Yazidu bin Abi Sufyan da Shurahbil bin Hasana, Allah Ya ƙara musu yarda. Suna da ƙissar Sayyidina Umar, wadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa: ya kai Sarg a hanyarsa ta Sham, aka sanar da shi annoba, ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishawa, ya yanke shawarar komawa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga misali da makiyayi mai zaɓa wa raƙumansa gefen kwari mai ciyawa. Daga bisani Abdurrahman bin Auf ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana fita daga cikinsa don gudun ta. An kuma ruwaito cewa da Amru bin As ya karɓi jagoranci bayan Mu'azu, ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, sai cutar ta lafa.

Tare da wannan akwai hadisai da zahirinsu yake kamar yana karo da juna. Ɗaya ya kore adwa, wato cuta ta tashi daga wani ta kama wani. Wasu kuma sun hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya, sun yi umarni da nisantar kuturu. Ibnus Salah (ya rasu 643H/1245M) ya haɗa su da cewa cuta ba ta yaɗuwa da ikon kanta, amma Allah Ya sanya cuɗanya da marar lafiya sababi, wanda yakan yi tasiri yakan kuma saɓa kamar sauran sabubba. Akwai kuma hadisan da suka yi wa wanda ɗa'uni ya kashe bushara da shahada, da wanda Imam Ahmad ya ruwaito cewa ɗa'uni sukar maƙiya ce daga aljanu. A gefe guda likitoci suna riƙe da abin da suka gada daga Jalinus da Ibnu Sina, cewa gurɓatar iska ce take haifar da annoba.

Matsayi uku a kan sababi

Matsayi na farko shi ne na gurɓatar iska. Ibnu Khatima, likita kuma malami a Almariyya, ya rubuta Tahsilu Garadil Ƙasid yayin da cutar take cin garinsu. Ya tafi a kan cewa iska ce ta ɓaci, amma bai ɓoye abin da ya gani ba. Ya lura cewa cutar ta fara ne a unguwar matalauta, kuma masu sayar da tufafi da shimfiɗun mamata a kasuwar tsofaffin kaya, irin abin da muke kira gwanjo, kaɗan ne daga cikinsu suka tsira. Wanda ya san cewa ƙuma takan laɓe a cikin tufafi zai gane darajar wannan lura. Ibnu Khaldun ma ya tafi a kan gurɓatar iska, sai dai ya danganta ta da yanayin daula: a ƙarshen zamaninta jama'a sukan cunkushe a birane, ruɓa da danshi su yawaita, fitinu da yunwa su ƙaru. Saboda haka ya ga wajibi ne a bar filaye tsakanin gine-gine don iska ta riƙa ratsawa.

Matsayi na biyu shi ne na Lisanuddin Ibnul Khaɗib, wazirin Garnaɗa, a risalarsa Muƙni'atus Sa'il. Ya ce yaɗuwar cuta daga mutum zuwa mutum ta tabbata ta hanyar gwaji da gani da labarai masu yawa da ba su yiwuwa a ƙaryata. Ya kawo hujjoji: cutar takan shiga gida ta riga ko ƙwarya ko ɗan kunne ta gama da mutanen gidan, garin gaɓar teku yakan zauna lafiya har jirgi ya iso daga ƙasar da take da cutar, wani mutum a Sala, Ibnu Abi Madyan, ya tara abinci ya toshe ƙofar gidansa da iyalinsa masu yawa, ba wanda ya mutu a cikinsu, fursunonin Musulmi da ke tsare a ma'aikatar jiragen ruwa ta Ishbiliya sun tsira alhali gari yana ƙarewa. Ya ƙara da ƙa'ida: idan zahirin nassi ya yi karo da abin da gani ya tabbatar, sai a yi wa nassin tawili. Ya zargi masu fatawar da suka hana mutane kiyaye kansu da hannu a halakar rayuka. An kashe shi a kurkuku a Fas a 776H/1374M, bayan gaba ta siyasa da tuhumar zindiƙanci da maƙiyansa suka yi masa.

Matsayi na uku shi ne na Hafiz Ibnu Hajar Al-Asƙalani (773–852H) a Bazlul Ma'un fi Fadliɗ Ɗa'un. An haife shi bayan annobar farko, amma ya rayu cikin dawowarta. 'Ya'yansa mata biyu sun rasu a ɗa'unin 819H, ta uku a na 833H, kuma tsakanin waɗannan shekaru ya rubuta littafin. Ya tattara hadisan babin ya tantance isnadinsu, ya rinjayar da cewa asalin ɗa'uni sukar aljanu ce, ya bar kore adwa a kan gamewarsa, ya fassara umarnin nisantar kuturu da toshe kafa, kada wanda ya kamu ya ɗauka cuɗanyar ce ta yi tasiri. Ya soki masu cewa iska ce da hujjar gani: annoba takan zo a lokacin da iska ta fi kyau, takan shiga gida ta tsallake na maƙwabci, alhali iska ɗaya suke shaƙa. Wannan suka daidai take, kuma ƙuma ce amsar da ba a sani ba a lokacin.

Akwai abin lura a littafin. Ibnu Hajar ya ɗauki taruwar jama'a a fili don roƙon ɗauke annoba, irin ta roƙon ruwa, a matsayin bidi'a da ta fara a Dimashƙa a 749, wato taron da Ibnu Baɗɗuɗa ya gani. Ya kuma rubuta abin da ya faru a Alƙahira a 833H: mamata ba su kai arba'in a rana ba, aka yi shelar azumin kwana uku, aka fita sahara aka taru aka yi addu'a, wata bai ƙare ba sai da suka haura dubu a rana. Malamin da ya kore adwa shi ne ya adana mana ɗaya daga cikin shaidu mafi ƙarfi a kan haɗarin cunkoso, saboda amanarsa ta hana shi ɓoye abin da ya auku. Littafinsa ya yi tasiri mai nisa. Suyuɗi (ya rasu 911H/1505M), wanda ya aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas, ya taƙaita shi a Ma Rawahul Wa'un.

Abin da annobar ta bari

Alƙaluman marubutan zamanin suna da ƙari, domin ba wanda yake iya ƙirga gawa a irin wannan hali. Masu bincike na zamani, irin su Michael Dols a littafinsa na 1977, sun kimanta cewa Misira da Sham sun rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanensu. Maƙrizi ya siffanta Alƙahira a ƙarshen 749: makara ta yi ƙaranci har ana ɗaukar gawa a kan allon ƙofa, ladan masu wanka da masu ɗauka da masu haƙa kabari ya yi tashin gwauron zabo, an daina kiran salla a masallatai da dama saboda ladanai sun mutu, an daina bukukuwan aure. A karkara amfanin gona ya nuna ba mai girbi, har sojoji suna yi wa duk wanda zai yi girbi tayin rabin abin da ya girbe.

Ɓarna mafi daɗewa ta faɗa wa noma. Arzikin Misira yana kan ambaliyar Nilu, wadda ake sarrafawa da madatsu da magudanai da dole a yashe su a gyara su kowace shekara da hannun manoma. Da hannaye suka ragu, madatsu suka karye, magudanai suka cike, ruwa ya riƙa wuce wasu gonaki ya kwanta a kan wasu. A nan tsarin mulki ya ƙara wa ciwon gishiri. Ƙasar noma tana hannun hafsoshin Mamalik ta hanyar iƙɗa'i, wato a ba hafsa harajin wani yanki a madadin albashi. Ba ya gadar da shi ga 'ya'yansa, ana iya karɓe shi a kowane lokaci, shi kuma yana zaune a Alƙahira. Mai irin wannan riƙo ba shi da dalilin kashe dukiya a gyaran madatsar da wani zai ci moriyarta. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya matsa wa manoman da suka rage su biya abin da ƙauye duka yake biya a da. Manoma suka gudu zuwa birane, ƙauyuka suka zama kufai, ƙabilun makiyaya suka mamaye filayen. Masanin tarihi Stuart Borsch ya kwatanta wannan da Ingila, inda cuta iri ɗaya ta kashe mutane da yawa, amma masu ƙasa suka rasa yadda za su yi sai gasar neman ma'aikata, lada ya tashi, bautar gona ta yi ta raguwa. A Misira manomin da ya tsira ya wayi gari cikin ƙuncin da ya fi na da.

Cutar kuma ba ta tafi ba. Ta riƙa dawowa bayan 'yan shekaru har Usmaniyawa suka ci Misira a 1517, tana ɗaukar yara da sababbin bayin da aka sayo don aikin soja. Sana'o'i suka durƙushe: an ruwaito cewa masaƙun Iskandariyya, da suka haura dubu goma sha biyu a ƙarshen ƙarni na sha huɗu, sun koma 800 a 1434. Baitulmali kuwa ya samu dukiyar waɗanda suka mutu ba magada, kuma masana tarihi suna ganin tana cikin abin da aka gina makarantar Sarki Hasan da shi, wadda aka fara a 1356 kuma har yau tana tsaye a Alƙahira. A yamma, annobar ta tarar da Sarkin Banu Marin, Abul Hasan, a Tunis bayan an karya shi a Ƙairawan, ta ƙara rushe burinsa na haɗe Magrib. A 1350 ta kashe Sarkin Kastila, Alfonso na 11, yana tsakiyar yi wa Jabal Ɗariƙ ƙawanya, sai rundunarsa ta janye.

Ilimi ma ya yi asara. Ibnul Wardi ya rubuta risala a kan annobar a Halab, ita kuma ta kashe shi a 749. Ibnu Khaldun ya rasa iyayensa da malamansa da dama a Tunis tun bai kai shekara ashirin ba. Daga baya ya bayyana a Muƙaddima cewa annobar ta sauya yanayin duniya gabas da yamma har ya zama dole a sake rubuta tarihi, kuma wannan yana cikin abin da ya zaburar da shi ga aikinsa.

Ta fuskar zamantakewa, tarihi ya rubuta wa biranen Musulmi abin yabo da abin zargi. A Turai an tuhumi Yahudawa da zuba guba a rijiyoyi, aka ƙone su da yawa a Strasbourg a Fabrairun 1349. A Dimashƙa kuwa an fita addu'a tare da su, kuma aƙidar cewa annoba daga Allah take, shahada ce ga mumini, ta taimaka wajen hana neman wanda za a ɗora wa laifi, ta kuma ƙarfafa mutane su tsaya su yi jinya su binne mamatansu. Amma a ɗa'unin 841H/1438M, da aka gaya wa Sarki Barsbay cewa yawaitar alfasha ce sababi, sai ya hana mata fita tituna baki ɗaya, hukuncin da ya faɗa a kan gwauraye da masu neman abinci da hannunsu. Shi kansa bai ga ƙarshen shekarar ba. Haka nan, hadisin hana shiga da fita yana hannun Musulmi tun ƙarni na farko, amma waɗanda suka mayar da killacewa doka mai jami'ai da wurare su ne biranen fatake na Bahar Rum: Ragusa ta wajabta wa masu zuwa daga ƙasar annoba zaman kwana talatin a 1377, Banis ta buɗe asibitin killacewa na dindindin a 1423.

Kammalawa

Duk malaman da aka ambata sun yarda cewa Allah ne Mai saukar da cuta da magani. Saɓaninsu yana kan sababin da Ya sanya, da kuma nauyin da za a ba mushahada wajen fahimtar nassi. Binciken da ya zo bayansu ya gaskata Ibnul Khaɗib a kan yaɗuwa, ya gaskata Ibnu Hajar a sukarsa ga masu cewa iska ce, ya kuma nuna cewa hanyar Ibnus Salah ta haɗa hadisai tana ɗaukar abin da aka gano ba tare da an taɓa aƙida ba. Ta ɓangaren mulki, Misira ta nuna cewa ƙasa takan kasa farfaɗowa tsawon ƙarni idan masu riƙe da ita suka ɗora wa rayayyu harajin matattu suka bar madatsu suna rushewa.

Wannan mas'ala ba ta tsufa ba. A 2020 an dakatar da Umra, aka taƙaita Hajji ga mutane kaɗan, aka rufe masallatai a ƙasashe da yawa, kuma tambayoyin da aka kawo wa malamai su ne waɗanda aka kawo wa magabatansu a 749: shin a taru ko a warwatsu, shin kiyaye kai yana rage tawakkali. Ɗalibin da za a yi wa irin wannan tambaya gobe, a kan amai da gudawa ko sanƙarau ko wata cuta da ba a san ta ba tukuna, yana da abin koyi a Sarg, inda Sayyidina Umar ya tara masu ra'ayi ya saurare su, ya auna maslahar mutanen da ke tare da shi, ya yanke hukunci, sannan da nassi ya iso ya gode wa Allah ya juya. Allah ne Mafi sani.